Darasin Sana'a: Yadda Ake Aiki da Injin Huda Bango Mai Batir

A ƙauyukanmu gine-ginen bulo da siminti suna ƙaruwa. Masu haɗa wutar sola, da kafintoci, da masu walda da ke kafa ƙofa da taga, duk suna bukatar huda bango. A da sai da guduma da kurfi, mutum ya yini yana sara. Yanzu akwai injin huda bango mai batir, wanda ke yin rami a kankare cikin ɗan lokaci, ko a garin da babu wutar lantarki. Amma inji ne mai ƙarfi. Wanda bai san kansa ba yana iya rasa ido, ko ya yi targaɗe, ko ya ɗauki ciwon huhu. Shi ya sa ya kamata duk mai son wannan sana'a ya san ƙa'idojinsa tun kafin ya ɗauke shi.

Yadda injin yake

Kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fara fito da injin huda mai batir a 1961. A 1975 kuma kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wani irin baki da ake kira SDS, wanda ake cusa ƙarfen huda a cikinsa ya kama da kansa, ba sai an ɗaure da makulli ba. Yawancin injinan hannu suna aiki da batir mai ƙarfin bolt 18.

Injin yana aiki biyu a lokaci ɗaya: yana juya ƙarfen, yana kuma dukansa daga baya. A cikinsa akwai fistin da ke matsa iska, iskar ta tura wani dunƙulen ƙarfe ya daki gindin ƙarfen huda sau dubbai a minti ɗaya. Ke nan injin ne ke dukan, ba mai riƙe da shi ba. Danna shi da ƙarfin tsiya ba ya ƙara sauri, sai dai ya gajiyar da mutum, ya ƙona bakin ƙarfen.

A gefensa akwai makunni mai zane. Zanen ƙarfen huda shi kaɗai na katako ne da ƙarfe. Zanen guduma tare da ƙarfen huda na kankare ne da bulo da dutse. Zanen guduma ita kaɗai na sara ne, kamar ɓamɓare filasta. Ba a juya wannan makunni sai injin ya tsaya cak.

Kafin a fara aiki

1. A cire batir kafin a sa ƙarfen huda ko a canza shi. Yatsa yana iya taɓa kunamar injin ba da niyya ba.

2. A goge gindin ƙarfen, a shafa masa ɗan giris, a cusa shi har ya yi ƙara, sannan a ja shi a tabbatar ya kama. Ƙarfen da ya lanƙwashe ko ya tsage a jefar da shi.

3. A tuɓe babbar riga. A naɗe hannun riga, a cire carbi da agogo, kada a bar jelar rawani tana lilo. Abin da ke juyawa ba ya sakin tufa in ya kama.

4. A duba bangon da kyau. Wayar wuta da aka binne takan bi miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, daga makunnin fitila da soket. Kada a huda a kan wannan layi. A tambayi maigidan inda waya da bututun ruwa suka bi, a kuma kashe wutar gidan daga tushe, har da ta sola.

5. A leƙa bayan bangon, a kori yara da dabbobi.

Lokacin huda

A riƙe injin da hannu biyu, ɗaya a mariƙin baya, ɗaya a mariƙin gefe. Wasu sukan cire mariƙin gefe don ganin yana tare musu wuri. Wannan ganganci ne. A cikin ginshiƙi da dakin akwai rodi. Idan ƙarfen huda ya ci karo da rodi ya maƙale, jikin injin ne zai juya da ƙarfi, ya murɗe wuyan hannu ko ya daki haɓa. In hakan ta faru a saki kunama nan take, a mai da injin juyin baya a zare shi a hankali, a sake wuri.

A tsaya da ƙafafu a ware, a kan ƙasa busasshiya. A fara a hankali har bakin ƙarfen ya zauna, sannan a ƙara gudu. A riƙa zaro shi kaɗan-kaɗan domin garin siminti ya fito. In aikin na sama ne a kafa katako mai faɗi a tsaya a kai. In dole sai da tsani, wani ya riƙe shi, kada kuma a yi miƙa zuwa gefe. Ƙarfen da ya gama aiki yana da zafi sosai, a bari ya huce kafin a taɓa.

Ƙura da ƙara

Haɗarin da ya fi muni shi ne wanda ba a jin zafinsa yau. Kankare da dutse suna da sinadarin yashi da ake kira silika. Ƙurarsa mai laushi tana shiga can cikin huhu ta zauna, ta bar tabo. Bayan shekaru mutum ya fara tari da haki. Wannan ciwo ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙyalle ko rawani ba ya tare irin wannan ƙura, sai takunkumi mai matata, irin wanda aka rubuta wa N95. Kada a hure ramin da baki. A yayyafa wa ƙurar da ta zuba ruwa kafin a share, amma kada ruwa ya taɓa injin.

A sa tabarau na aiki mai rufe gefen ido. A toshe kunne da abin toshewa, domin ƙarar injin tana kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Girgizarsa ma tana sa yatsu su mutu, saboda haka a riƙa hutawa.

Idan ƙura ta shiga ido kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta da yawa. In wani abu ya soki idon kada a yi ƙoƙarin cire shi, a rufe idon a garzaya asibiti.

Kula da batir

Batirin injin irin na wayar hannu ne, sai dai ya fi girma, kuma zafi ne babban abokin gabansa. Kada a bar shi a rana, ko a kan kwanon rufi, ko a cikin mota a kulle. In ya yi zafi bayan aiki a bari ya huce kafin a sa caji. A yi amfani da cajarsa ta asali, a ajiye shi a kan siminti nesa da katifa da fetur, kada kuma a kwana ana caji babu mai lura. Ba a zuba shi cikin buhu ɗaya da ƙusoshi, domin ƙarfe yana iya haɗa bakinsa ya tayar da gobara. Batirin da ya kumbura ko ya fashe a daina aiki da shi, kuma kada a jefa shi a wuta.

Bayan an tashi aiki a cire batir, a goge injin, a mai da shi akwatinsa, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Maigidan da ke da yaran koyo, alhakinsu yana wuyansa: ya saya musu tabarau da takunkumi, kada kuma ya miƙa wa yaro injin sai ya gwada masa, ya tsaya a kansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake cire batir kafin a canza ƙarfen huda?
2. Wane amfani mariƙin gefe yake da shi?
3. Ta ina wayar wuta takan bi a cikin bango?
4. Wace illa ƙurar kankare take yi wa huhu?
5. A faɗi wurare uku da bai kamata a ajiye batir ba.