Sa'a da Cacar Waya

Wani mai sauraronmu daga Sundimina, ƙasar Birnin Kudu, yana tambaya ko sa'a ce ke sa wasu cin caca a waya.

To, Malam, masu manhajojin caca lissafi suke yi, domin kuwa faifan nan mai juyawa da ake kira rulet gurbi 37 gare shi, amma in ka dace ninki 35 kacal za a biya ka, ta yadda cikin kowace naira ɗari da aka zuba, kusan uku sun zama na mai gidan caca tun faifai bai tsaya ba. Ɗan cin da ake yi jefi-jefi, tsaba ce ake watsa wa kaza. Shi ya sa saurayi kan sayar da buhun riɗi a kasuwar Sara, ya duƙufa kan waya har kiran assalatu wai yana neman fanshe hasara.

Hukuncin caca kuwa, malamai sun yi ittifaƙi cewa maisir ce, wadda aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haramta. A 2024 Hisbar Kano ta garƙame shagunan caca, kuma Kotun Ƙoli ta mayar da hurumin dokar caca hannun jihohi, sai dai manhajar da ke aljihu ba ta da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.