Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Gyara Kurakuran Manhajojin Kyauta?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: manhajoji irin su Firefox da Linux, da kowa ke iya duba rubutunsu, wa ke gyara su idan sun samu matsala?

To Malam, mun gode. Irin waɗannan manhajoji suna da rajistar kurakurai a intanet. Mozilla, masu Firefox, suna amfani da Bugzilla tun 1998. Wanda ya ga matsala sai ya rubuta abin da ya danna, da abin da ya yi tsammani, da abin da ya faru. Sai a ba rahoton lamba, wani ya gwada ya tabbatar, sannan mai gyara ya ɗauka.

Bayan gyara, akan rubuta ɗan gwaji da kwamfuta za ta riƙa maimaitawa duk sanda aka taɓa manhajar, don kada kuskuren ya sake dawowa. Shi ma gwajin yana son kulawa, domin wanda ke yawan ƙararrawar ƙarya, a ƙarshe ba mai kula shi.

Sakaci kuwa na da tsada. Wani kuskure da ake kira Heartbleed ya fita cikin wata manhajar kyauta mai suna OpenSSL a 2012, ba a bankaɗo shi ba sai Afrilun 2014, alhali yana iya tona kalmomin sirrin jama'a. A lokacin, mutane ƙalilan ne ke ɗawainiyar manhajar.

Don haka Malam, in ka ci karo da matsala, ka kai rahoto dalla-dalla. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba.