Yadda Ake Kewaye Komin Lambu

Bara, da Malamin Noma ya raba mana komaye a lambun makaranta, na zuba wa nawa taki, na shuka alayyafo da yakuwa. Ban kewaye shi da kome ba, don a ganina ɓata lokaci ne. Ran nan cikin Agusta aka kwana ana sheƙa ruwa. Da gari ya waye na tarar ruwa ya kwashe takin da tsiron, ya zuba a kwata. Ɗan abin da ya rage kuwa, ciyawar kiri-kiri ta shiga ta shaƙe shi. Da aka zo ba da maki, ni ne na kutal.

Da na koma gida Tudun Wada hutu, sai na tafi wurin wani kawuna mai lambu a bakin Kubanni, na kai kuka. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wanda ya ajiye dukiya ba ƙofa, kada ya zargi ɓarawo." Ga abin da ya koya mini.

Da fari a kafa turaku huɗu a kusurwoyin komin, a ɗaura igiya don layi ya miƙe. Faɗin komin kada ya wuce ƙafa 4, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka shuka ba. Sa'an nan a bi igiyar da fartanya, a haƙa ɗan rami mai zurfin inci 4. A jera fasassun tubalan jan bulo ko duwatsu a ciki, rabi a binne, rabi a waje, kowane ya jingina da ɗan'uwansa kamar haƙoran zarto. A mayar da ƙasa, a daddanne sosai.

Binnewar nan ita ce muhimmiya, domin kiri-kiri ta sama take yaɗo, ta ƙarƙashin ƙasa kuma tana yi. Dutsen da aka aza a bisa kawai ba zai tare ta ba. A kuma bar 'yar kafa ta wajen gangare, don idan ruwa ya kwanta saiwa ruɓewa take yi. Wasu sukan kife kwalabe a jere. Suna da kyan gani, amma in sun fashe sai su yanke ƙafar yara, saboda haka ban ba da shawararsu ba.

Bana na yi wa komina haka, har na shafa wa duwatsun farar ƙasa. Ruwan Agusta ya zo ya wuce, taki yana nan inda na zuba shi, alayyafo kuwa sau uku na yanka.

To, 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu 'yar shuka a tsakar gida, a yi wannan aiki tun cikin Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Daga wani ɗalibin Aji Huɗu