Shawara Kan Ba Ɗalibai Maki a Ɗakin Karatu na Firamare

Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ake auna ɗaliban Najeriya a kai a kai, wato ana tara makin aikin yaro cikin zango, ba a jiran jarrabawar ƙarshe kaɗai. Sai dai a makarantun firamare na unguwanni irin su Kabong, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, bai dace a shigar da awar ɗakin karatu cikin wannan lissafi da ma'aunin aji ba, domin yaron da aka sa wa maki bisa yawan littattafan da ya ara zai riƙa zaɓen mafi siriri, ya mayar da shi bai buɗe ba. Abin da ya fi amfani shi ne malami ya ware wa kowane ɗalibi shafi a rajista, ya rubuta ko yaron ya iya nemo littafi a kanta, ya ba da labarinsa da bakinsa, da Turanci ko da Hausa, ya kuma dawo da shi bai yage ba.

Wannan aiki ba zai yiwu ba idan malamin da aka ɗora wa ɗakin yana riƙe da cikakken aji, ga ƙurar hunturu da sanyin Jos suna shigowa ta tagogi marasa murfi. Wajibi ne shugabannin makarantu su rage masa darussa, iyaye kuma su nemi hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Filato (SUBEB) ta samar da kabad mai makulli da benci.