HUKUNCIN CANJIN KUƊI DA ZAƁEN DILLALI MAI ARHA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta kuɗin ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana kan canjin kuɗi ne, watau abin da malaman fiƙihu suke kira sarfu, da kuma yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai zaɓi wanda zai yi masa canji da sauƙin farashi ba tare da ya faɗa cikin haram ba.

Ƙasar Yauri ba baƙuwar wannan mas'ala ba ce. Tun zamanin da fataken goro suke ƙetare Kwara a nan za su Gwanja ake lissafi da wuri, har Turawa suka kawo fam da sule, sa'an nan naira ta maye gurbinsu ran 1 ga Janairu, 1973, a kan naira 2 fam 1. Da aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, kifi da albasa suka ƙara raya kasuwannin Yelwa da Wara da Shanga. Wanda kuwa ya kai kayansa Gaya ta Nijar, ko Malanbil ta Binin, sefa zai karɓa, ba makawa sai ya nemi ɗan canji. Ga kuma sabon abu ya shigo, watau samari masu ɗan jari suna ciniki da dala ta wayar hannu, ta hannun kamfanonin dillalai na intanet, kowane kamfani yana shelar ya fi kowa arha.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, malamai sun ɗauki kuɗin takarda a matsayin zinariya da azurfa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tabbatar da haka a shekarar 1402 ta Hijira, ta ce kuɗin kowace ƙasa jinsi ne mai zaman kansa. Saboda haka idan jinsi ɗaya ne, kamar naira da naira, sharuɗa biyu ne: a yi daidai wa daida, a kuma yi hannu da hannu. Wanda ya ba da tsofaffin takardu na naira 11,000 don ya karɓi sababbi na 10,000 ya ci karo da sharaɗin farko. In kuwa jinsi ya saɓa, kamar naira da sefa, to fifiko ya halatta, a yi farashin da aka yarda, amma fa sharaɗin hannu da hannu yana nan bai gushe ba.

Imamu Malik ya kawo labarin da ke nuna tsananin wannan sharaɗi a cikin Muwaɗɗa. Maliku ɗan Ausu ya nemi canjin dinari 100, suka daidaita da Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi. Ɗalhatu ya karɓi zinariyar yana jujjuyawa a hannunsa, ya nemi a jira ma'ajinsa ya dawo daga wani wuri da ake kira Gaba. Sayyidina Umar yana jinsu, sai ya hana Maliku rabuwa da shi har sai ya karɓi nasa. Ɗalhatu yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, ba wanda yake tuhumarsa da cin amana, amma duk da haka ba a yarda da jinkirin ba. Shi ya sa littattafan Malikiyya, kamar Risala da Muhtasar, suka tsananta a wannan babi, har ba su yarda a kafa sharaɗin zaɓi a cikin sarfu ba.

To, a nan ne arha take yaudarar mutane. Misali, mai albasa ya dawo da sefa, ɗan canji na farko ya ba shi farashi ya ƙirga masa naira nan take. Na biyu ya ɗara na farko da kaɗan, amma ya ce a bar sefar, a dawo gobe. Ƙarin da na biyu ya yi kuɗin jinkiri ne, cinikin kuwa ɓatacce ne a shari'a. Ko ta fuskar duniya ma mai albasa ya ɗauki kasada, domin farashi ba ya jiran kowa. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, a Yunin 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi ƙwarai cikin 'yan kwanaki. Wanda kuɗinsa ya kwana a hannun wani a irin waɗannan ranaku ya san abin da Hausawa suke nufi da suka ce arha ba ta ado.

Game da biya ta banki, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce shigar kuɗi cikin asusun mutum daidai take da karɓa da hannu. Saboda haka ya halatta a miƙa sefa a tura naira, muddin ba a rabu ba sai kuɗin sun shiga. Hoton rasit ba karɓa ba ne.

Shi kansa dillanci sana'a ce halattacciya. Imamul Buhari ya ambata cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba. Abin da ake bukata shi ne la'ada ta zama sananniya tun kafin a ƙulla ciniki.

Dillalan intanet kuwa ta hanyoyi huɗu suke cin abincinsu. Akwai ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Akwai la'ada a kan kowane ciniki. Akwai kuɗin cire kuɗi daga asusu. Na huɗu shi ne kuɗin kwana, wanda ake lissafawa idan ciniki ya kwana ba a rufe shi ba, asalinsa kuwa bambancin kuɗin ruwan ƙasashen biyu ne. Ukun farko ana iya auna su, a kwatanta kamfani da kamfani. Na huɗun haram ne, ko mutum ne ya biya ko shi aka biya. Sau da yawa kamfanin da ya ce ba ya karɓar la'ada ya faɗaɗa rata ne, wanda kuma ya buɗe abin da ya kira asusun Musulunci, ya yiwu ya cire kuɗin kwana ya mai da shi da sunan kuɗin hidima da ke ƙaruwa da yawan kwanaki. Sauya wa abu suna ba ya sauya hukuncinsa.

Babbar matsala ita ce bashin da dillali yake ɗora wa mai ciniki. Mutum ya ajiye dala 100, kamfani ya ba shi damar ciniki da dala 10,000, da sharaɗin kowane ciniki ya bi ta hannunsa ya ci la'ada. Idan farashi ya juya da kashi 1 cikin 100 kawai, dala 100 ɗin nan ta tafi ƙurmus. Majalisar Rabiɗa ta duba wannan hanya a 2006 ta haramta ta, saboda kuɗin kwana, da haɗa bashi da dillanci wanda yake mai da shi bashi mai jawo amfani, da rashin karɓa ta shari'a. Galibi ma ba dalar da ke shiga hannun kowa, bambancin farashi kaɗai ake biya ko a karɓa, wannan kuwa ya fi kusa da caca. Hukumar da ke kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki hasara suke yi.

Saboda haka mai neman dillali mai sauƙi sai ya jera tambayoyinsa bisa tsari. Ta farko, shin kuɗin da ya saya za su shiga hannunsa ko asusunsa a wannan zama, har ya iya cire su ya biya kaya? Ta biyu, akwai bashi ko kuɗin kwana a ciki? Ta uku, wace hukuma ce ta san da wannan dillali? Babban Banki ne yake ba kamfanonin canji lasisi, a Maris na 2024 ma ya soke lasisin guda 4,173. Dokar zuba jari ta 2025 kuma ta wajabta wa masu dandalin cinikin kuɗi na intanet yin rajista da hukumar SEC. A Afrilun 2025 ne dandalin CBEX ya rufe da kuɗin mutane masu yawa, hukumar ta ce ba shi da rajista. Sai waɗannan uku sun inganta, sa'an nan a zo ga tambaya ta huɗu, watau nawa zai rage a hannu bayan an cire rata da la'ada da kuɗin cirewa. Mai hankali yakan tambayi 'yan canji biyu ko uku farashin saye da na sayarwa gaba ɗaya, ya zaɓi mai ƙaramar rata.

Masunci ko manomi da ya tara ɗan jarinsa da gumi, amana ce a wuyansa, akwai haƙƙin iyali a ciki, za a kuma tambaye shi ranar Lahira inda ya samo da inda ya kashe. Wanda wani ciniki ya shige masa duhu, sai ya kai wa malamin garinsu bayaninsa filla-filla kafin ya sa kuɗinsa.

Allah Ya azurta al'ummar Musulmi da halal mai albarka, Ya tsare ta daga haram. Amin.