Horon Kare Da Tsare Gida Daga Cizonsa

Jama'ar ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, wannan takarda taku ce, masu kare da maƙwabtan masu kare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a dandali.

Kare yana da amfani a ƙasarmu. Yana gadin gida, yana tsaron gonar rake da lambun tumatir, yana bin Fulani kiwo, mafarauta kuma ba su fita da rani sai da shi. Amma mu da muke aiki a disfensare, abin da muka fi gani shi ne aikin haƙoransa a ƙafafun yara. Yawancin wannan cizo kuwa ba na baƙon kare ba ne, na gida ne ko na maƙwabta. Watau laifin ya fi yawa wajen riƙo.

TUN YANA KWIKWIYO

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, a nan ne kwikwiyo ya ke koyon abin da zai saba da shi da abin da zai ji tsoro. To, a lokacin nan a bar shi ya ga yara da awaki da kaji, ya ji ƙarar babur da injin niƙa, a riƙa taɓa kunnensa da ƙafafunsa a hankali. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8, gama wajenta da 'yan'uwansa ya ke koyon sassauta cizo in ana wasa.

MAIGIDA SHI NE JAGORA

Waɗansu suna tsammani kare ba ya sanin ubangidansa sai ya sha sanda. Wannan kuskure ne. Likitocin dabbobi sun bincika, sun ga duka tsoro ya ke sa wa kare, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Ranar da ya rasa hanyar gudu zai kai baki, kuma ba babban da ya doke shi zai kama ba, sai yaron da ya fi kusa.

Jagoranci shi ne kare ya san abinci daga hannunka ya ke fitowa, a kan lokaci, bayan ya yi abin da ka ce. Ka ba shi sau 2 a yini, safe da yamma, a wuri ɗaya, da ruwa mai tsabta kullum. Kafin ka ajiye kwanon, ka ɗaga ɗan ƙanzo bisa hancinsa, ka ja shi baya kaɗan. Zai ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa. Da ya zauna ka ce "Zauna," ka ba shi nan take. Nan take fa, domin in ka yi jinkiri ba zai san abin da ya ci lada a kai ba. Haka za ka koya masa "Zo" da "Bari." Minti 5 ya isa a zama ɗaya, amma kowace rana. Dukan mutanen gida su riƙe kalma guda. In maigida ya hana shi shiga madafa, uwargida kuma tana jefa masa ƙashi a can, to, kare ba shi da laifi.

Kada ka kira kare ya zo sa'an nan ka hore shi. Gobe ba zai zo ba. Masu barinsa da yunwa wai don ya yi zafi kuwa, ɓarawon kaji su ke renowa.

GUDU MAGANI NE

Karen ƙasarmu an halicce shi da dogayen ƙafafu, jikinsa yana son tafiya. Ku lura da karen farauta. Da rani yana dawowa a gajiye, ya kwanta shiru. Da damina, sa'ad da ciyawa ta rufe daji aka daina fita, sai ya fara haushin dare, da tonon rami, da bin masu babur. Ƙarfi ne ya taru bai sami wurin fita ba. Maganinsa mai sauƙi ne, ba ko sisi: ka tafi da shi gona da sassafe a igiya, ka koma da shi da la'asar. In ya ja igiya ka tsaya cik, sai ya sassauta ka ci gaba. Karen da a ke ɗaure wa a turke dare da rana, cikin zafi, yara suna jifansa, shi ne ya fi kowane haɗari ranar da igiya ta tsinke.

Gurnani gargaɗi ne, kada a doki kare dominsa. In ka hana shi gurnani, wata rana zai ciji mutum ba sanarwa. A koya wa yara kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. In baƙon kare ya taso wa yaro, kada ya ruga. Ya tsaya kamar itace, hannuwa a jiki, kada ya zuba masa ido.

CIWON HAUKAN KARE

Wannan shi ne dalilin da ya sa maganar kare ta shiga takardar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyan kare, tana bin jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci wata 2 zuwa 3 ta ke yi kafin ta bayyana, lokacin ciwon ƙafa ya warke, kowa ya manta. In mutum ya fara tsoron ruwa, magani ya ƙare. Amma kafin nan ana tare ta sarai. Tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci yaro ɗan shekara 9 da allura.

Kare mai horo yana da wata fa'ida a nan: ka san halinsa, sabo da haka in ya sake za ka lura. Mai fara'a ya koma ɓuya, ko yana cizon itace da dutse, ko miyau yana dalala, muryarsa ta canja. Wani ba ya faɗa ko kaɗan, sai muƙamuƙi ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don cirowa.

In kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15 cur, a duba agogo. A sa aidin in akwai. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ɗaure tam. A kai shi asibiti ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Allurar yanzu ba ta ciki ba ce irin ta dā, a dantse a ke yi, ranar farko da ta 3 da ta 7, da abin da likita ya ƙara. A cika ta duka. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana ba shi abinci ana duba shi, amma kada a jira kwanakin nan kafin a fara allura. In ya mutu, a gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi, su ne su ka san yadda a ke aika kansa a gwada.

Kowane kare a yi masa rigakafi yana wata 3, a sake kowace shekara, a adana takardar shaida. In an yi wa 7 cikin 10 na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ana yin wannan allura ta karnuka a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. A tambayi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a Ikara ko Maƙarfi ko Hunkuyi, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ran 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a kasa kunne ga sanarwar dagaci ko ta rediyo, gama wani lokaci a kan yi allurar kyauta.