Kalma Ɗaya, Kaya Iri Iri: Darasi A Kan “Charge”

Daga cikin abubuwan da ke wahal da mai koyon Turanci babu kamar kalma guda mai ma'ana da yawa. Yaro ya haddace ma'ana ɗaya a aji, ya riƙe ta gam, sa'an nan ya gamu da kalmar a wata takarda ta sake riga, ya fassara ta yadda ya saba, magana ta watse. Wannan kuwa ba abin wasa ba ne gare mu da za mu fita koyarwa. A gari kamar Ƙetare, da ƙauyukan ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in takarda ta zo wa wanda bai ji Turanci ba, daga kotu ko asibiti ko banki, sau da yawa wurin malamin makaranta yakan kai ta. Abin da malam ya ce takarda ta faɗa, shi mai takarda zai tafi da shi gida. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ɗauki kalma ɗaya mu feɗe ta har wutsiya, watau “charge”.

Tun da fari, kada mu zaci Turanci kaɗai ke da wannan hali. Mu da muka zauna gaban malamai a zaure mun san “ainu” ta Larabci takan zama idon gani, takan zama idon ruwa, takan zama ɗan leƙen asiri, takan kuma zama ainihin abu. Hausarmu ma haka take. Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, wani ya ci sarauta, wani ya ci amana. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, zai tarar “ci” ta ci wuri mai yawa. Duk da haka ba Bahaushen da ke ruɗewa, domin kalmar da ke biye ita ke nuna masa hanya. To, haka za mu yi wa Turanci.

Asalin “charge” daga harshen Latin ne. Rumawa suna da wani irin amalanke na ɗaukar kaya da suke kira “carrus”, daga nan aka sami kalmar da ke nufin yi wa amalanke lodi. Ta bi ta bakin mutanen Faransa, ta shiga Turanci tare da ɗimbin 'yan'uwanta bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066. “Car”, mota, da “cargo”, kayan jirgi, da “carry”, ɗauka, duk tsatsonsu ɗaya da ita. Ke nan uwar ma'anarta ita ce ɗora kaya. Mu riƙa tuna manomin Ƙetare yana aza wa jakinsa mangala za shi kasuwa, sa'an nan kullum muka ga kalmar mu tambayi kanmu, wane kaya aka ɗora, a kan wa?

Na fari, kayan kuɗi. “The tailor charged me two thousand naira for the gown.” Tela ya ɗora mini biyan naira 2,000 kuɗin riga. Haka kuma “bank charges” su ne ladan da banki ke cirewa, “free of charge” kuwa kyauta, ba biyan ko kwabo.

Na biyu, kayan amana. “Malam is in charge of Class Three.” An danƙa wa malam aji uku, nauyinsa na wuyansa.

Na uku, kayan laifi. “The police charged him with theft.” 'Yan sanda sun ɗora masa tuhumar sata, za su kai shi gaban alƙali.

Na huɗu, ɗuri. Maharbi in ya ɗura wa bindiga albarushi, Bature ya ce “he charged the gun”. A ƙarni na 18 masu binciken wutar lantarki suka ari wannan ma'ana, shi ya sa yau muke cewa a sa waya caji, watau a ɗura wa batirinta wuta.

Na biyar, farmaki. “The horsemen charged at the enemy.” Mahaya suka zaburi dawaki, suka auka wa abokan gaba da dukan nauyinsu. Wanda ya ga yadda ake sukuwa a hawan salla a Katsina ya ga kamannin abin.

Yanzu sai mu duba inda haɗarin yake, watau wajen 'yan ƙananan kalmomin nan da ke raka ta, irin waɗanda masu Nahawu ke kira haruffan jarri. In “for” ta biyo, zancen kuɗi ne. In “at” ce, farmaki ne. Amma “with” mai baki biyu ce. Ga misali: “The village head is charged with collecting the tax.” Ga wani: “The village head is charged with stealing the tax.” Kalma ɗaya tak ta raba su. Na farko yana cewa an ɗora wa dagaci aikin tara haraji, na biyu yana cewa ana tuhumarsa da sace harajin. In abin da ya bi “with” aiki ne na halal, amana ce. In laifi ne, tuhuma ce. Mai karatun da ya yi gaggawa sai ya mai da mai amana ɓarawo a gaban jama'arsa, alhali kuwa magana zarar bunu ce.

Har wa yau akwai tarkon “the”. “The nurse is in charge of the child” da “The child is in the charge of the nurse” abu ɗaya suke faɗi, watau yaro na hannun ma'aikaciyar jinya. Wanda ke “in charge of” shi ne mai riƙo, wanda ke “in the charge of” shi ake riƙo.

Mafi nauyi duka ita ce ma'ana ta uku, don nan ne kuskure ke taɓa mutuncin mutum. “Charged” ba ta nufin an tabbatar da laifi, wannan “convicted” ce. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashi na 36, ya ce wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin. Ya kuma ba shi hakkin a gaya masa tuhumar cikin harshen da yake ji, a kawo masa tafinta kyauta in bai ji harshen kotu ba. Saboda haka in tsoho ya kawo mana takarda ya ce, “Malam, duba mini, me suka ce game da yaron nan?” kada mu ce, “Baba, an same shi da laifi.” Sai mu ce, “Baba, tuhumarsa ake yi, tukuna alƙali bai yanke hukunci ba.” Kishiyarta kuma “discharged” ce, watau an sauke kaya. Asibiti na faɗinta in an sallami majinyaci, kotu na faɗinta in an sallami wanda ake tuhuma. Amma wankewa sarai “acquitted” ce.

Abu ɗaya ya rage. Hausa ta riga ta ari kalmar, har mukan ce “caji ofis”, wurin da 'yan sanda ke rubuta tuhuma. Amma mukan kuma ce “an caje shi” muna nufin an lalube aljihunsa. Turanci bai san wannan ba, shi “search” yake cewa. Yaron da ya rubuta “They charged my pocket” Hausa ya rubuta da baƙaƙen Turawa, sai mu gyara masa da lallashi.

Ga shawararmu ga 'yan'uwa masu shirin shiga aji. Kada a ba yara jerin ma'anoni su haddace kamar karatun aku. A ba su uwar ma'ana tukuna, sa'an nan kowace ma'ana a kawo ta cikin jimla cikakkiya, a sa su karanta har aya kafin su buɗe baki. A kuma fara da “ci”, don su gane sun daɗe da sanin dabarar a harshensu.

Ga jimloli huɗu na gwaji. A fassara su, a faɗi kayan da aka ɗora, da wanda aka ɗora wa:

1. How much do you charge for grinding maize?
2. The bull charged at the boys.
3. She was charged with the care of the orphans.
4. The charge against him was dropped.

Wanda ya ci huɗun nan, sai ya gwada ƙarfinsa a kan “post” da “order”, gama su ma kayansu da yawa. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.